Gurbin da Na Ja wa Labule

Asibitin Mai Wurno, bayan isha'i.
Wuta ta tafi tun la'asar,
janareta na ta tari a bayan ɗakin magani.
Ni ce, da kwamfutar da aka ɗaure wa ƙugu da roba,
da finjalin jabana da ya huce ban sani ba.

Da rana Likita Tajuddin ya ce, yana wanke hannu:
"Fom ɗin nan ya cika tambaya.
Mace na murƙususun naƙuda, ana tambayarta ƙabila.
Cire mana shi."
Cirewa ba tawa ba ce, a kulle aka aiko shi daga Sinnar.
Iyakata in ja masa labule.

Sai na rubuta umarni, layi tara:
bi gurabe ɗaya bayan ɗaya,
tambayi kowanne sunansa.
Wanda ya amsa gabila, baƙi da baƙi,
ba kusa ba, ba shige ba,
rufe shi.

Na danna. Ya narke kamar gishiri a Nilu.
Har na miƙa hannu zan kashe allo,
sai na gangara shafi na biyu,
ga wani zaune ya miƙe ƙafa:
Gabila, da babban baƙi a goshi.
Umarnina ya wuce shi ko sallama babu.
A shafi na uku kuma, wani
da ɗan fili a wutsiya, wanda ido ba ya gani,
yatsan wani ma'aikaci ne ya zame
wata rana da ban sani ba.

Na fusata, na faɗaɗa taru:
duk mai gab a jikinsa, kama!
Taru ya dawo da mugabala a ciki,
ranar da mai ciki za ta dawo awo.
Na yi maza na sake ta.
Kama da wane dai ba wane ba ne.

A nan na tuna kakana.
Bukar ne da ya baro Nguru a ƙafa,
Abbakar a bakin mutanen Abeshe,
da ya iso nan, mai alƙalami ya rubuta Babikir
a takardar gonar auduga.
Bai yi musu ba, yunwa yake ji.
Ranar da ƙasa ta rufe shi,
innata Dudu ta kai takardu biyu ofis.
Magatakarda ya jera su, ya bi da yatsa,
ya ce, "Wannan daban, wannan daban."
Ta ce, "Shi ne fa. Ni nake kai masa fura a gonar."
Damina biyu tana hawa mota.

Ga ni yau, jikarsa,
ina koya wa na'ura halin magatakardan nan,
kuma ban ga wata hanya ba.

Na rubuta sunayen uku a jere,
kowanne da irin tabonsa,
na ce, waɗannan kaɗai.
Sauro ya ci rabonsa a idon sawuna.
Ƙarfe ɗaya saura, shafuka suka yi fes.

Amma na san abin da na sani:
gurbin na nan a bayan labule,
bai mutu ba, bai yi ƙaura ba.
Kowane fom zai tafi Sinnar da shi a goye,
baki buɗe, ba komai a ciki.

Da safe wata ta zo daga ƙetaren kogi,
taubinta jiƙe da raɓa, hannu a ƙugu.
Sitana ta tambaye ta suna, shekaru, wata nawa.
Matar ta jira saura.
"Shi ke nan?"
"Shi ke nan. Hau gado."

Na ɗauki finjalina na fita wanki.